Kafin ka zuba kuɗin sallamarka a shanun Frisiya

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sanya albarka a abin da aka samu bayan shekarun aiki. Tambayarka yadda na fahimceta: kayi ritaya, kana da fili kusan hekta 2 ta wajen Kura da rijiyar burtsatse a ciki, kana da fararen shanu guda 6 na gado a hannun makiyayi, wani dillali yace zai kawo maka Frisiya zalla, wato shanun madaran Turai masu baƙi da fari, guda 5 kowace tana bada lita 30 a rana, sannan kaga bidiyon yadda ake tatsar ɓauna a Indiya kana son sanin ko zata yi a nan.

Toh gaskiya shawarata kada ka sayi shanun nan yanzu. Ba wai ina hanaka kiwon madara bane, sana'a ce mai kyau kuma ƙasar nan na buƙatarta, har yau yawancin madarar da muke sha ta gari ce da ake shigowa da ita daga waje. Abin da nake hanaka shine ka fara da sayen saniya, domin a wannan harkar saniya ita ce ta ƙarshe da ake kawowa, abinci da ruwa da inuwa da mai sayen madara su ake fara tanada.

Bari mu fara da lita 30 ɗin. Ba ƙarya bane, Frisiya tana bada haka har ma fiye, amma a Holan da Denmark da irinsu. Saniyar nan da zarar zafi ya wuce digiri 25 ta fara takura, mu kuwa a Kano watan Afrilu da Mayu digiri 40 ba labari bane, dare ma ba ya sanyi sosai balle jikinta ya huce. Saniya mai madara da yawa jikinta kansa zafi yake haifarwa saboda yawan abincin da take narkarwa, kamar injin babbar mota ne da aka ɗora masa kaya kuma ba ruwa a lagireto. Abin da zaka gani shine ta tsaya tana haki baki buɗe yawu na zuba, ta rage cin abinci, madara ta sauko daga 30 zuwa 12 ko ƙasa, sannan babbar matsalar da ba'a ganinta da ido ita ce haihuwa, ba zata nuna tana neman bijimi ba, in ma ta ɗauki ciki sai ya lalace tun yana ɗan kwanaki, kai kuma kana nan kana ciyar da ita wata da watanni ba ciki. Saniyar da bata haihu ba kuwa ba madara.

Zaka ce ai akwai masu kiwonsu a Najeriya. Akwai. A Vom ta jihar Filato ana yi saboda tudun Jos akwai sanyi, tsaunin Mambilla ma haka. Kamfanin madara na Arla ya buɗe gona a Damau ta ƙaramar hukumar Kubau a jihar Kaduna a 2023 da shanun da aka kawo daga Denmark, amma jeka kaga irin ginin da akayi musu da fankoki da ruwa da injinan haɗa abinci da likitoci a tsaye. Wannan jarin kamfani ne, ba na kuɗin sallama ba.

Sannan maganar "zalla" ɗin ma a sa mata ido. Yawancin abin da ake yawo dashi a kasuwa da sunan Frisiya ruwa biyu ne ko ruwa uku wanda ba wanda ya san asalinsu, an dai ga baƙi da fari. Kuma ka tambayi kanka, mutum yana da saniya mai lita 30 me zai sa ya sayar? Mafi yawan wadda ake fitarwa daga gona ko ta ƙi ɗaukar ciki, ko kan nono ɗaya ya mutu, ko tana ɓari. Akwai kuma dabarar da akeyi, a ƙi tatsarta kwana guda hantsa ta cika tam, kai kazo da safe a tatsa a gabanka kaga bokiti ya cika. In har zaka sayi saniyar madara a ko'ina, ka tsaya a tatse ta da yamma a gabanka ta ƙare ƙaf, ka dawo da asuba, ka sake dawowa da yamma, ka haɗa na safe da na yamma, wannan shine madararta ta gaskiya. Ka tambayi yaushe ta haihu, domin madara tana kai ƙololuwa ne wajen sati 6 zuwa 8 bayan haihuwa daga nan ta riƙa sauka.

Ni a ganina jarinka na gaske sune fararen shanun nan guda 6 da kake rainawa. Bunaji, wato irin fararen shanun nan, a hannun makiyayi abin da ake tatsa bai wuce lita 1 zuwa 2 ba bayan maraƙi ya sha, kuma sai ta shekara 4 ko fiye kafin haihuwar fari, amma tana jure zafi, tana jure kaska, tana cin abin da Frisiya ba zata kalla ba. A cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI dake Shika Zariya an shekara da shekaru ana haɗa Frisiya da Bunaji, kuma abin da ya fito fili shine ɗiyar farko mai rabi da rabi ita ce ta fi dacewa da mai ƙaramar gona, ta ɗauko madara daga uba ta ɗauko juriya daga uwa, in ta samu abinci da kulawa lita 8 zuwa 12 a rana ba abin mamaki bane, kuma tana haihuwar fari da wuri, wajen shekara 2 da rabi zuwa 3. Lita 10 da zaka samu kullum daga saniyar dake haihuwa akai-akai tafi lita 30 ta bakin dillali.

Cikin 6 ɗin ba duka zakayi aiki dasu ba. Ka zauna da makiyayin, shi ya san wadda ta fi nono, wadda bata wahalar haihuwa, wadda bata harbi lokacin tatsa. Zaɓi 3 ko 4 da suka taɓa haihuwa, hantsarsu lafiya kan nono huɗu duk suna aiki. In zaka ƙara da saye, ka duba Bokoloji wato Gudalin Sakkwato, ko Azawak irin na Nijar wanda ake kiwata a tashar Toukounous ta wajen Filingué, ko Wadara ta Borno, waɗannan duk shanun nono ne a cikin namu kuma Bokoloji tana da sanyin hali.

Inda mutane da yawa ke faɗawa rami shine zuriya ta biyu. An samu ɗiya rabi da rabi tayi kyau, sai a sake sa mata maniyyin Frisiya, jikar ta fito kashi 75, a sake, tattaɓa kunne ta kusa zama zalla, shikenan an dawo kan matsalar da aka gudu, haki da kirci da ƙin ciki. Wasu kuma sai su ɗauki ɗan'uwanta namiji rabi da rabi su bar shi yana hawa 'yan'uwansa, nan ma 'ya'yan sai su watse, wata tayi kyau wata ta koma baya, ga illar haɗa jini ɗaya. Ka riƙe jinin waje tsakanin rabi zuwa kashi 5 cikin 8, kada ya wuce sai in ka gina wurin da zai ɗauka. Mutanen Brazil da suke da zafi irin namu haka sukayi, Girolando ɗinsu kashi 5 cikin 8 Holstein ne, wato Frisiya, kashi 3 Gir mai asali daga Indiya, kuma da ita suke samar da yawancin madararsu. Don haka a kan ɗiyarka ta farko zaka iya neman maniyyin Girolando. Jersey ma ina sonta ƙwarai wa yankinmu, ƙaramar saniya ce bata cin abinci kamar Frisiya, ta fi jure zafi, madararta ta fi mai, kusan kashi 5 cikin ɗari, mai yin kindirmo da man shanu zai gane bambanci. Kuma karsana mai haihuwar fari kada a sa mata maniyyin babban bijimin Frisiya, maraƙin yana iya yin girma ya maƙale, Jersey ya fi mata sauƙi.

Sai dai ka sani hanyar nan tana son haƙuri. Ciki wata 9 da 'yan kwanaki, kwana 280 zuwa 285, rabin abin da za'a haifa maza ne, macen kuma sai ta girma ta ɗauki nata cikin, kaga shekara 3 da wani abu kenan kafin kaga madararta. In kana son abin da zai fara kawo kuɗi da wuri, ka sayi guda 2 kawai rabi da rabi masu ciki daga gonar da ke da littafin tarihin shanunta, likitanka ya duba cikin ya ɗauki jini, kayi koyo a kansu kafin naka su taso.

Game da barbarar zamani, wato ɗura maniyyi da hannu, abu uku ke kashe ta. Na farko ramammiyar saniya, in kana iya ƙirga haƙarƙarinta daga nesa kada ka ɓata kuɗinka, ka ciyar da ita wata 2 tukuna. Na biyu rashin gane lokacin da take neman bijimi. Saniya tana zagayowa duk kwana 21, tsakanin 18 zuwa 24, kuma namu na gida lokacinsu gajere ne, sau da yawa da dare ko da asuba yake zuwa ya wuce. Alamar da tafi ƙarfi ita ce ta tsaya cik wata ta hau ta, sai kuka da rashin natsuwa, gabanta ya ɗan kumbura, farin yauƙi mai tsabta yana zuba. In ka gani da safe a yi mata da yamma, in ka gani da yamma a yi washegari da safe. Dole wani ya riƙa tsayawa yana kallonsu minti 20 da asuba da kuma bayan magariba, ba yana wucewa ya leƙa ba. Akwai alluran da likita ke yi don a haɗa lokacinsu duka a yi rana ɗaya, yana taimakawa sosai musamman in mai ɗurawar daga nesa yake zuwa. Na uku shine maniyyin kansa, ana ajiye shi cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, in tulun ya taɓa bushewa ko sau ɗaya ne komai na ciki ya mutu kuma ido ba zai nuna maka ba, ana narkar dashi a ruwa mai ɗumin digiri 35 zuwa 37 na daƙiƙa 30 zuwa 40 a yi amfani dashi nan take. In kaga mutum ya zo da shi a kofin ƙanƙara ko a aljihu, ka sallame shi da mutunci. Ko komai ya tafi daidai ba duka ke ɗauka a karon farko ba, in rabi suka ɗauka anyi ƙoƙari. Ka rubuta ranar, ka sa ido a kwana na 21, likita ya duba ciki bayan wata 2.

Yanzu abinci, wanda shine ainihin sana'ar, kuma shi ke cin mafi yawan kuɗin da zaka kashe. Saniya mai kilo 400 da ake tatsa tana buƙatar busasshen abinci kusan kashi 3 cikin ɗari na nauyinta, kilo 12 kenan, in ɗanyar ciyawa ce kilo 40 zuwa 50 a rana guda. Ka ninka da yawan shanunka ka ninka da watannin rani 7 ko 8, zaka ga dalilin da yasa nace kada a fara da saye. Hekta 2 ɗinka in ka shuka ciyawa ka bata ruwa da taki zata riƙe shanu 4 zuwa 5 da 'ya'yansu, ba 20 ba. Allah ya taimake ka kana Kura, yankin noman rani na ruwan Tiga, zaka iya samun ɗanyen abu a lokacin da wasu ke neman kara. Ka shuka ciyawar giwa a wani ɓangare, a yanka ta tana kai ƙugu zuwa ƙirji, in ta girma ta zama kara amfaninta ya ragu. Ka sa lablab ko wake don harawa, ganyensu ke da furotin. Ka sa masara ta musamman don sailej.

Sailej ɗin nan dan Allah ka koye shi da kyau. Ana yanke masara duka da karanta da ganyenta da goyonta lokacin da ƙwayar ta wuce ruwan madara ta fara tauri, a daddatsa ƙanana kamar gaɓar yatsa, a zuba a rami ko a kan daɓe ana dannewa sosai layi layi har iska ta fita, a rufe da leda mai kauri a bi da ƙasa, a gama cikin kwana 1 ko 2 kada a ja shi sati. Bayan sati 4 zuwa 6 ya nuna, zakaji ƙamshin tsami mai daɗi, launinsa kore mai ruwan ɗorawa. In ya yi baƙi yana wari ko ya yi fumfuna iska ta shiga, kada a basu. Wanda ya binne sailej a watan Satumba da Oktoba shi ke tatsa a watan Maris da Afrilu, lokacin da madara ta fi tsada.

Karan shinkafa da ake ƙonawa a wajenku ma abinci ne in an gyara shi. Kilo 4 na takin yuriya a narkar a lita 100 na ruwa a yayyafa wa kilo 100 na karan, a danne a rufe sati 3, a buɗe ya sha iska kafin a bayar, a fara da kaɗan. Amma kada wani ya ɗauki yuriya ya barbaɗa a dusa kai tsaye ko dabba ta sha ruwan, tana kashewa cikin ƙanƙanin lokaci, kuma ba'a ba ƙaramin maraƙi.

Sai abincin ƙari, dusar masara, dusar alkama, ƙuli-ƙulin auduga ko na gyaɗa ko waken soya, kowa, da gishirin lasa mai ma'adinai. Ƙa'idar da muke bi ita ce kilo 1 na haɗin ga kowace lita 2 zuwa 2 da rabi da take bayarwa, a raba safe da yamma. Kada ka ba mai lita 4 daidai da mai lita 12. Kuma dusa bata maye gurbin ciyawa, in dusa tayi yawa ciyawa tayi kaɗan tumbi yana tsami, ta daina tuƙa, kashi ya yi ruwa, man madara ya ragu, daga baya kofato ya fara ciwo. Dusar shinkafa ka lura, wadda injinan gari ke fitarwa yawanci haɗe take da ɓuntu, cika ciki ne kawai. Duk buhun da ya jiƙe ya yi fumfuna a zubar, gubar da ke cikinsa tana ratsawa har cikin madarar da yara zasu sha. Auduga kuma ba'a ba maraƙin da bai fara tuƙa sosai ba. Kanwa da gishiri da aka saba basu suna da amfani amma basu wadatar da kalsiyam da fosfaras da mai madara ke zubarwa kullum ba. Leda kuwa, ka share gonarka tas, saniyar da ke ramewa tana cin abinci ciki a kumbure ba magani da ke kamata, sau da yawa in aka yanka ledoji da igiyar buhu ake tararwa a tumbi.

Ruwa ya kasance a gabansu dare da rana, a inuwa, mai tsabta. Madara kusan kashi 87 cikin ɗari ruwa ce, kuma mai lita 10 a zafin bazara zata sha lita 60 zuwa 80 ko fiye. Shayarwa sau biyu a rana irin ta garke bata isa ba. Rumfa a ɗaga ta sama sosai, mita 3 da rabi zuwa 4, gefe a buɗe iska na ratsawa, tsawonta ya bi gabas da yamma, in kwano ne a shimfiɗa ciyawa ko zana a kai ko a ƙarƙashi. Ka dasa itatuwa tun yanzu. Da tsakar rana a bazara ka jiƙa musu baya da ruwa, ka mayar da yawan ciyarwa safe da yamma da dare.

A fannin lafiya abokin gaban ruwa biyu na farko kaska ce. Bunaji zata ɗauki kaska ta yi ta yawonta, ɗiyarta ta Frisiya kuwa kaska kaɗan ta isa ta kawo mata fitsarin jini, ko zazzaɓi mai sa idanu su yi fari ko ɗorawa, ko ciwon da ke sa dabba ta riƙa zagaye tana faɗuwa tana shure-shure ruwa ya taru a zuciya, wanda babbar kaska mai zane a baya ke kawowa. Ita dai wannan kaskar ce ke buɗe ƙofar kirci da damina, kuma kirci in ya kama hantsa an gama tatsa. Da damina feshi duk sati ko yadda takardar maganin ta ce, da rani a sassauta, a auna maganin daidai, a bi ƙarƙashin wutsiya da hantsa da kunne da tsakanin kofato, kuma a duba wanda aka yarda a yi wa saniyar da ake tatsa. Ka sayi ma'aunin zafi ka koya wa yaronka, lafiyayyar saniya digiri 38 zuwa 39 take, in da safe kaga 40 ka kira likita a ranar, kada a jira gobe.

Ga ku na Kura kuma akwai ciwon hanta, saboda ƙananan katantanwa na magudanan ruwa da fadamu su ke ɗauke da tsutsar. Dabba ta rame, ƙasan haɓa ya kumbura da ruwa, madara ta ƙafe. Kada a kai su sha a kanal, ciyawar bakin ruwa a shanya ta bushe sosai ko a guje ta, a basu maganin hanta a ƙarshen damina da kuma cikin rani bisa shawarar likita. A cikin magungunan tsutsa, albendazol ba'a ba mai sabon ciki a kwana 45 na farko, aibamektin na allura kuma ba na saniyar da ake shan nononta bane. Sammore ba shi da ƙarfi a Kano kamar kudancin Kaduna ko Neja, amma shanunka da ke tafiya kudu da makiyayi suna iya dawowa dashi, in jini ya nuna akwai Berenil na magani da Samorin na kariya, a auna da nauyi, yawan yin rabin allura shi ya sa maganin ya daina ci a wurare da dama.

Rigakafi ba'a wasa dashi: ciwon huhu duk shekara, boru, harbin daji musamman ga matasa 'yan wata 6 zuwa shekara 2, saifa, da ciwon ƙuraje na fata. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da aka kafa tun 1924 tana yin yawancin waɗannan, amma allurar da ta kwana a rana ruwa ce kawai, ka tabbata a sanyi ta iso. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya jini na fita ta hanci ko dubura kada a yanka kada a feɗe, saifa tana kama mutum, an samu ɓullarta a wata gona a Suleja a 2023. Duk sabuwar dabba, har naka 6 ɗin in sun dawo daga ruga, a ware su sati 3 zuwa 4 a gefe, a yi gwajin bakkale da tarin fuka kafin su haɗu da sauran. Bakkale ita ke sa ɓari a wata na 6 zuwa 8, mabiyiya ta maƙale, gwiwa ta kumbura, ba'a warkar da ita a saniya, wadda gwaji ya kama fitar da ita akeyi, kuma tana kama mutane ta ɗanyar madara da taɓa abin ɓari da hannu, zazzaɓin da za'a yi ta sha masa maganin maleriya da taifod ba sauƙi. A dafa madara kafin a sha ko a yi kindirmo, wannan har gidanka.

Ciwon hantsa kuwa yawanci daga hannun mai tatsa da wurin kwanciya yake. A wanke hannu, a goge kan nono da tsumma mai tsabta kowace saniya da nata, tatsar farko a zuba a baƙin kofi a duba gudaji ko ruwa-ruwa ko jini, a matse da tafin hannu ba a ja da yatsa biyu ba, a tatse tas, a tsoma kan nono a ruwan ayodin, a basu abinci nan take don su tsaya a tsaye kamar rabin awa ƙofar nonon ta rufe kafin su kwanta. Mai ciwo ita ake tatsa a ƙarshe. In anyi allurar antibayotik madarar kwanakin da takarda ta faɗa a zubar, wallahi wannan amana ce, jarirai ke sha, kuma ko yogot ba zai kama da ita ba. Saura wata 2 ta haihu a daina tatsa gaba ɗaya hantsa ta huta. Bayan haihuwa in mai madara da yawa ta kwanta ta kasa tashi kunnuwa sunyi sanyi, ƙarancin kalsiyam ne, likita zai sa mata a jijiya a hankali, kada a ɗura mata komai ta baki. Mabiyiya in ta wuce awa 24 bata faɗo ba a kira likita, kada a ɗaura mata dutse ko a ja da ƙarfi.

Maraƙi ya sha dakashi cikin awa 2 na farko, ya samu kusan kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa kafin awa 12, a tsoma cibiya a ayodin, a kwantar dashi a busasshen wuri. 'Yar maraƙar nan ita ce duk abin da ka jira shekara guda, kada son sayar da lita 2 ya sa a tauye ta, wadda aka yunwatar tana ƙarama ba zata taɓa kai madarar da jininta ya ɗauko ba. Namu na gida basa sakin nono sai maraƙi na kusa, ruwa biyu ma da yawansu haka, ba laifi bane, a bar shi ya fara tsotsa a tatsa a bar masa kan nono ɗaya.

Kasuwa ka nemo ta kafin lita ta farko. Ɗanyar madara a zafinmu awa 3 zuwa 4 ta fara juyawa in ba sanyi. A Kano akwai kamfanin L&Z da wasu masu yogot da ke karɓar madara, ka je da ƙafarka ka ji sharaɗinsu da farashinsu da inda suke karɓa, suna gwada ruwa da tsami, kuma a bokitin ƙarfe mara tsatsa ko na alminiyam ake kaiwa ba jarkar mai ba. In lita 20 zuwa 30 kake samu, sau da yawa ka dafa ka yi kindirmo ko yogot ka sayar da kanka ya fi riba, sai dai yana son firij mai sola. Taki ma kuɗi ne a wajenku, masu tumatir da albasa zasu zo har gida, mazan maraƙan kuma a turke su don sallah.

Ɓauna kuwa ka ajiye maganarta. Wadda ka gani ɓaunar ruwa ce ta Asiya, irin Murrah ta Indiya da Nili-Ravi ta Pakistan, Masar ma suna da tasu, Indiya kaɗai tana da sama da miliyan 100. Madararta tana da mai kusan kashi 7 cikin ɗari, tana cin kara mara kyau ta rayu, amma baƙar fata gareta ga ƙarancin gumi, dole sai da tabki ko wanka sau da yawa a rana, cikinta wata 10 ne da kwanaki, kuma gane lokacin neman bijiminta ya fi na saniya wuya. Ba ita ce ɓaunar dajinmu irin ta Yankari ba, waccan ba'a taɓa mayar da ita dabbar gida ba. A nan ba ka da inda zaka samu bijimi ko maniyyi cikin sauƙi, ba masu tatsar da suka saba da ita, in ɗaya ta mutu ba madadi.

Abin da zan so kayi a daminar nan shine ka shuka ciyawa da masarar sailej, ka gina rumfa da kwamin ruwa, ka dawo da shanu 3 ko 4 da kuka zaɓa a gwada jininsu a gyara jikinsu, a yi musu barbara wajen ƙarshen damina lokacin da suke da ƙiba kuma zafi ya sauka. Ka samu mai kula da zai zauna a gonar da iyalinsa, wanda ya san shanu, ka biya shi da kyau kuma ka sa masa wani abu a kan kowace saniya da ta ɗauki ciki da kowane maraƙi da ya kai yaye, kai ma ka riƙa zuwa tatsar asuba da kanka ko sau 3 a sati kana duba littafi. In ka samu dama ka turo min shekarun shanun nan 6, haihuwa nawa kowace tayi da yaushe ta haihu na ƙarshe, da lita nawa burtsatsenka ke bayarwa a rana cikin watan Afrilu, sai mu ga guda nawa za'a fara dasu.